Karatun Takardar Ƙosai

A zamanin da Faransawa ke riƙe da Togo, 'yan shekaru bayan babban yaƙin Turawa na biyu, an yi wani mahauci a zangon Sokode mai suna Wahabu. Mutum ne mai son a yi abu bisa ƙa'ida, ga saurin ƙosawa in ba a yi ba. Yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin mahaifinsa: ba ya wuce takarda a ƙasa. Kowace iri ce, in dai da rubutu a jikinta, na Larabci ko na Nasara, sai ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe, ya sa a aljihu. In ya koma gida ya soke ta a jinkar ɗakinsa, don ba wanda ya san ko da sunan Allah a ciki. Jinkar nan ta cika da takardu, har in iska ta kaɗa sai ka ji ɗakin yana raɗa kamar gonar dawa da ta bushe.

A duk layin mahauta shi ne ya fara sa ɗa a lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa. Yaron, Tijjani, ya ɗan yi nisa a allo kafin a kai shi, saboda haka ya shiga da girmansa, ya zauna benci ɗaya da yaran da ba su kai kafaɗarsa ba. A lokacin da labarin nan ya faru yana wajen shekara goma sha uku, muryarsa ta fara fashewa, fuskarsa kullum kamar an aike shi inda ba ya so.

Malamin lakwal ɗin wani dogon mutum ne daga bakin teku, kowa Metir yake ce masa. Yana sayen hanta wurin Wahabu. Wata rana ya zo da ɗan littafi mai zane-zane, ya ajiye a gefen tebur, nesa da jini, ya ce da irin Hausarsa ta kasuwa, "Yaro naka kai nasa da kyau, amma karatu ya yi baya. Ya riƙa karanta wannan a gida. Ku iyaye ku taimaka."

Wahabu ya goge hannu, ya karɓa da hannu biyu. Ba a taɓa ba shi amana ya yi wasa da ita ba.

Abu na farko, ya kai littafin wurin baduku aka ɗinka masa gafaka ta jar fata, da igiya da tuntaye. Ya kafa ƙusa can sama kusa da jinka ya rataye. Sannan ya kafa doka irin wadda malaminsa na allo a garin Camba ya kafa masa yana yaro. Ba a taɓa littafi sai da alwala. Ba a sauko da shi sai bayan sallar asuba, kafin a tafi mayanka. Karatu da ƙarfi ake yi, ana rausaya. Kuma ba a wuce shafi sai an haddace shi tsaf.

Da yake Wahabu ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa, kunne ya sa. Allah kuwa ya ba shi kunne. Tijjani na maimaitawa, shi yana ɗauka, har ya zama in yaron ya tsallake kalma sai uban ya ɗaga yatsa ya ce, "Koma. Ba haka ka ce jiya ba." Kafin damina ta zagayo, Wahabu ya haddace fiye da rabin littafin. Yana sara ƙashi yana rera shi da ƙira'a mai daɗi, masu sayen nama na tsammanin wuridi ne. Matarsa Hawa ma ta ɗauki wasu wurare, tana daka tana bi. Har akun maƙwabta, wanda a da ba abin da ya iya sai tari irin na maigidansa, ya kama layin farko. A cikinsu duka ba wanda ya taɓa tambayar abin da ake cewa.

Wata rana da hantsi Wahabu ya dawo ɗaukar wuƙar da ya manta, ya tarar da Tijjani a kan turmin da ya kife, gafaka a buɗe, littafi a hannu. Can wajen ƙarshe ya buɗe, inda aka zana jirgin ruwa. Bakinsa a rufe, ido kawai ke tafiya.

"Me kake yi?"

"Karatu, Baba."

"Da wane bakin? Ni ban ji komai ba."

"A zuci nake yi."

"A zuci ake ƙulla sata ma. Ka yi alwala?"

Yaron ya rufe littafin da sauri.

"Shafin da kake kai ka haddace shi, da za ka yi tsalle zuwa ƙarshe kamar fara?"

Ranar Wahabu ya cire ƙusar ya mai da ita inda ko an hau turmi ba a kaiwa. Hawa na kallonsa daga bakin murhu, ta ce, "Maigida, a gidan nan dai ba wanda ya kai littafin nan hutawa."

"Ke dai ji da tukunyarki," in ji shi.

Da shekarar karatu ta ƙare, Metir ya zo layin mahauta, amma bai tambayi hanta ba. Ya ce ya buɗe wa Tijjani littafi, yaron ya kalli zanen da ke shafin, ya ɗaga kai sama, ya zubo karatu kamar ruwan indararo, har da rausaya. Wahabu ya gyara tsayuwa, ya saci kallon maƙwabcin teburinsa, Awal, don ya tabbata yana ji.

"Sai na rufe littafi," in ji Metir, "na rubuta magana sabo a babban allo. Gajere. Ya tsaya yana kallo kamar an nuna masa aljani. Wannan ba karatu ba ne, waƙa ne."

"Waƙa? Ni da kaina nake tsare shi kowace safiya."

"Ban san abin da kuke yi da safe ba. Ga magana: ranar da aka dawo hutu zan ba shi shafi wanda bai taɓa gani ba. Ya karanta, ya faɗi abin da ke ciki. In ya kasa, benci nasa zan ba wani. Yara da yawa suna jira."

Da Metir ya tafi, Awal ya ɗauko wata tsohuwar wuƙa ya shiga wasa ta a hankali, yana cewa, "Wannan ba ta da mai riƙo. In Faransa ta gama da shi, ka turo mini shi, hanji na nan na jiran wanki."

Naman da Wahabu ya sara ranar bai saru daidai ba. Ya yi ta juya maganar, daga ƙarshe ya gano inda matsalar take: haddar ce ba ta zauna ba. Saboda haka da lokacin zuwa arewa sayen shanu ya yi, ya ce Tijjani zai bi shi, don kada a yi asarar safiya ko ɗaya. Ya rataya wa yaron gafaka a wuya, suka hau kamiyo, babbar motar kaya, suka zauna a kan buhunan goro, suka nufi Dapaong, wadda a lokacin Dapango ake ce mata.

Damina ce sosai. A hawan Bafilo sai da fasinja suka sauka suka tura. A Mango suka tarar kogi ya cika ya batse, aka ɗora kamiyon a kan jirgin fito, wani ɗan maraƙi da aka haifa da farin tabo mai kama da tafin hannu a goshi yana ta kallon ruwa daga bayan motar. Ko a nan, da gari ya waye, sai da Wahabu ya sa aka yi karatu. Direba ya ce bai taɓa jin addu'ar tafiya mai tsawon wannan ba.

A Dapango suka sauka gidan yayar Wahabu, Salamata, wadda aure ya kai can tun tana yarinya, miji ya rasu, ita ta zauna. Ƙosai take soyawa a bakin tashar mota, ƙarƙashin wata bishiyar maɗaci. Mace ce mai son jin ƙwaƙwaf. In baƙo ya sayi ƙosai, kafin ta yayyafa masa yaji ta san garinsu, da sunan matarsa, da abin da ya hana shi haihuwa. Ita kaɗai ce a duniya take kiran Wahabu da sunansa gatsau, ta kuma aike shi ɗebo ruwa.

Fulanin da za su kawo shanun kuwa, ruwa ya tsare su a hanya, aka ce sai an jira. Washegari da asuba Wahabu ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, aka yi alwala, aka buɗe gafaka. Salamata na gefe tana markaɗa wake a dutse. Ta saurara har suka kai aya, uba da ɗa suna rausaya tare.

"Kai, da daɗi," ta ce. "Tijjani, me aka ce a ciki?"

Yaron ya dubi ubansa.

"Da kai nake. Wannan da kuka fi ja, mai kama da kukan kurciya, me yake nufi?"

"Gwaggo, cewa aka yi akuyar wata tsohuwa ta shiga gonar maƙwabci ta ci wake."

"Sai me?"

"Sai maƙwabcin ya kore ta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shafi na gaba kuma wani yaro ne yake wanke haƙoransa."

Salamata ta saki dutsen niƙa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wahabu, shekara guda kana alwala saboda akuya?"

Wahabu ya tuna yadda yake rera wurin nan a kasuwa, har wata tsohuwa ta taɓa tsayawa ta shafa. Ya juya kan yaron. "Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ba ka taɓa tambaya ba, Baba."

"Yaya, ki daina dariya. Ilimi ilimi ne ko na akuya ne."

Amma abin da ya fi wannan tayar masa da hankali yana jiransa a tasha. Da ya bi ta can da hantsi, sai ya ga abin da take naɗe ƙosai da shi. Takardu ne, tuli guda, cike da rubutu, an danne da dutse. Kukun kumandan, Baturen da ke mulkin garin, shi ke kawo mata tsofaffin mujallu da yagaggun littattafan da matar kumandan ta zubar, ita kuma ta ba shi ƙosai. Wahabu na tsaye wani ɗan kamasho ya cinye nasa, ya goge baki da takardar, ya murtsuke ta ya jefa a kwata.

"Yaya, rubutu ne fa."

"Na gani. Ya fi ganye riƙe mai."

Ya duƙa ya tsamo ta, ya bi tashar yana tsintar sauran. Kafin azahar aljihunsa biyu sun jiƙe da mai, ƙudaje na binsa, 'yan tasha na nuna shi da baki.

Salamata kuwa ta sa Tijjani aiki. Ta ce ba za a zauna mata a gindin kasko hannu sake ba, ya riƙa yaga takarda yana miƙo mata. Yana cikin yaga ta hango zane: wani mutum cikin rigar gashi tun daga kai har ƙafa, karnuka a ɗaure a gabansa suna jan wani katako mara ƙafa.

"Tsaya. Wannan wane ne? Me ya yi wa karnuka?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ba ga rubutu nan a ƙasa ba? Ba shi aka kai ka koya ba?"

"Ba mu kai nan ba. Ba littafinmu ba ne."

"Haruffan littafinku daban ne?"

"A'a."

"To duba mini. Ina nan, ƙullu bai ƙare ba."

Tijjani ya sunkuya. Ya daɗe. Leɓɓansa na motsi kaɗan, yatsa na rarrafe a kan layi. Wahabu, da ke zaune a kan benci yana jera takardun da ya tsinto, ya ce, "Buɗe baki mana. Ka ga irin abin da nake fama da shi ke nan."

"Rabu da shi," in ji Salamata, ba ta ko juyo ba. "Ni ma sai na buga ƙullu a ƙwarya kafin in zuba a mai. Yana bugawa ne."

Can yaron ya ɗago. "Wai wani mutum ne ya tafi wata ƙasa can ƙarshen arewa. Wai ƙasar duk ƙanƙara ce. Akwai wata kalma nan ban san ta ba."

"Tsallake ta kamar kwata. Sai me?"

"Wai ba doki, ba jaki. Karnuka ke jan kaya."

"Ƙarya ne," in ji Wahabu. "Kare ko kansa bai iya ja ba."

"Sai me?" in ji Salamata.

Haka aka yini. Tana tsamo ƙosai da matsami tana cewa sai me, yaron na tuntuɓe yana tashi. Ba ta gyara masa, don ba ta da abin gyarawa. In ya faɗi abin da bai shiga kanta ba sai ta ce, "A'a, wannan bai yi ma'ana ba, sake dubawa," ya koma, sau da yawa kuma ya tarar shi ne ya karkace. Ta hana a yaga fallayen da ke da mai rigar gashi, aka ware su gefe. Da yake kukun ya kawo su a hargitse, sai da Tijjani ya bi lambobin ƙasan shafi ya jera.

Kwana biyu Wahabu na zaune baya-baya, yana nuna shi ba ruwansa. Shanu ba su zo ba, ba inda za shi. A rana ta uku aka kai inda mutanen ƙasar ke farautar wata dabba mai jikin kifi da gashin baki irin na kyanwa, su ci ɗanya.

"Ɗanya?" Ya matso da benci. "Yankawa suke yi ko sukewa? Tana da wuya?"

"Ba a faɗa ba, Baba."

"Duba da kyau. Mutum ba zai je har can ya dawo bai duba wuya ba."

Daga nan dokar asuba ta fara lalacewa. Gafaka na rataye a ɗakin Salamata, ba wanda ya tuna da ita. Tun kafin mai ya yi zafi Wahabu ke cewa a ɗauko na jiya. Yaron kuma ya daina ɗaure fuska. Har ya fara ja musu rai, ya karanta a zuci ya yi murmushi shi kaɗai, sai gwaggon ta yi barazanar hana shi ƙosai.

Ranar kasuwar Dapango, tasha ta cika, Tijjani ya kai ƙasan wani shafi ya tsaya.

"Wai a ƙasar nan, in lokacin ya zo, rana ba ta faɗuwa. Wata da watanni tana sama. Ta sauko kamar za ta faɗi, sai ta fasa, ta sake hawa."

Wahabu ya ɗaga kai ya dubi rana. Sannan ya ce a hankali, "To magariba fa?"

"Ban sani ba."

"In azumi ya faɗo a lokacin, yaushe za su sha ruwa? Mutum zai yi wata uku bai kai loma ba? Juya."

Tijjani ya juya, ya duba lamba, ya shiga tona tulin. "Fallen da ke biye babu."

Salamata ta dubi hannunta, ta dubi dutsen danni. "Af. Ina jin shi na naɗa wa matar nan yanzu. Cunkoso ya yi yawa, hannuna ya kai can."

"Wace mata?"

"Wata 'yar ƙabilar Moba, mai tulu a ka da yaro a baya. Mutanen ƙauyen Nano ne, sun kama hanya."

"Yaya, takarda dubu a gabanki, ki rasa wadda za ki ɗauka sai wannan?"

"To ka tsaya kana yi mini faɗa, ita tana tafiya."

Mutumin da ko kiran salla bai taɓa sa shi sauri ba, sai ga shi ya tattare riga yana ratsa kasuwa, ta cikin masu doya, ta bayan masu tukwane, yana a'uzubillahi ya tsallake wani alade da ke kwance a taɓo. Ya cim mata bayan gari, inda hanya ta shiga gonakin gero. Ba ya jin Moba, ita kuma Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba. Ya nuna ƙunshin da ke hannun ɗanta. Ta ja da baya, ta ce ta biya. Ya ce ba ƙosan yake so ba, takardar. Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi takardar, da alama ta yanke cewa abin da babban mutum zai yi wa wannan gudu ba ƙaramin abu ba ne, ta cusa ƙunshin cikin zane. Sai da ya ciro goron da ke aljihunsa duka, farare manya, ya tsinko ganye mai faɗi ya juye mata ƙosan a kai da hannunsa, sannan ta saki. Ta tafi tana waiwaye.

Ya dawo yana haki, ya miƙa. Yaron matar ya riga ya lashe yajin, mai kuma ya ratsa takardar har rubutun baya ya fito ta gaba, layi a kan layi. Tijjani ya ɗaga ta sama, ya karkata, ya runtse ido. Ya fi kowane shafi ba shi wuya. Masu jiran mota suka zagaye su. Kalma ɗaya-ɗaya ya riƙa tsamowa har ya haɗa.

"Wai mutumin ya kasa barci saboda haske. Sai ya ɗaure ido da safa."

"Sai me?"

"Sai karensa ɗaya ya haihu."

"Azumin fa?"

"Ba maganar azumi, Baba."

Wahabu ya zauna daɓas. "Gorona duka. Mutum ya tafi ƙarshen duniya, ya ga rana ta ƙi faɗuwa, abin da ya dame shi safa da kare. Wa ke ba irin waɗannan alƙalami?"

Shanu dai suka zo daga baya, aka yi ciniki, aka ba masu kora. Da za su tafi, Salamata ta ɗaure wa Tijjani fallayen mai rigar gashi da zare, ta ƙara masa wasu da ba a taɓa ba. Ta ce wa ƙanenta, "In ka kai wa baduku waɗannan, zan ji labari."

Ranar da aka koma lakwal, Wahabu ya bar wa Awal tsaron tebur ya bi yaron. Ba a barin iyaye su shiga aji, saboda haka ya tsaya a taga, hula a karkace, warin mayanka na binsa. Metir ya ciro wani littafi mai kauri daga akwati, ya buɗe tsakiya, ya ajiye gaban Tijjani.

Yaron ya sunkuya. Shiru. Yara suka fara motsi a benci. Metir ya jira, ya ƙwanƙwasa tebur da alli, daga bisani ya girgiza kai ya miƙa hannu zai rufe littafin.

"Metir," in ji Wahabu daga taga, "rabu da shi. Yana bugawa ne."

"Yana me?"

"Ƙullu. Ka dai jira."

Ko mamaki ne ya tsai da hannun Metir, oho. Tijjani ya ɗago, ya fara karantawa da Faransanci, a hankali, ba rausaya. Ya yi tuntuɓe wuri biyu. Ya iso wata doguwar kalma, ya gwada, ta ƙi, ya tsallake ta, ya kai ƙarshen jimla, sannan ya dawo ya kama ta ta baya. Da ya kai ƙasan shafi Metir ya yi masa tambayoyi, ya amsa. Sai kuma, saboda sabo, ya juya wajen taga ya faɗa da Hausa.

"Wai wani mutum ne ya ɗinka ƙaton tulu na yadi, ya cika shi da iska mai zafi, ya ɗaura kwando a ƙasa ya shiga. Tulun ya tashi da shi sama, mutanen gari na riƙe da igiya. Sai igiyar ta tsinke."

"Sai me?"

"Nan shafin ya ƙare."

"To juya mana."

Metir ya rufe littafin. "Ya isa. Ya zauna a benci nasa."

"Metir, ban gane ba. Ka bar mutum a sama cikin kwando?"

Yara suka fashe da dariya. Metir ya dubi mahaucin nan da ya cika masa taga, ya dubi littafin, ya yi ajiyar zuciya. Ya miƙo shi ta tagar, amma bai saki ba sai da ya ce, "Aro ne. Kuma yaro ya faɗa mini labarin jaka. Ba fata, ba ƙusa. A ajiye inda hannu nasa yana kai."

"To in kaji suka hau fa?"

"A kore kaji."

Wahabu ya koma kasuwa da littafi a hammata. Awal ya ɗaga tsohuwar wuƙar nan yana tambaya da ido. Wahabu ya ce, "Mai da ita kube. Kai da ko sunan dabba mai gashin baki ba ka sani ba."

Gafakar, Hawa ce ta gaje ta, tana zuba allura da zare. Wahabu bai daina tsintar takarda a hanya ba, sai dai yanzu kafin ta hau jinka sai an karanta masa ita, ko da ta gwangwanin kifi ce. Maganar azumin mutanen ƙanƙara kuwa ya kai ta gaban malamai uku a Sokode, kowa ya ba shi amsa daban, ya dawo ya fi da ƙosawa.

Da la'asar ɗin ranar da Metir ya ba su aron littafin, bayan an tashi kasuwa, suka zauna a tsakar gida, littafi a kan gwiwar Tijjani. Hawa ta matso da tankaɗenta kusa. Yaron ya nemo shafin, ya yi shiru yana bi da ido. Uban ya jira iyakar abin da zai iya.

"Wai in yana can sama, iska na juya kwandon, ina zai sa gaba in zai yi salla?"

"Baba," in ji Tijjani, bai ɗago ba, "ka bari in kai ƙarshen layi."